Gunaguni Dabam, Kai Kuka Dabam

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami don koyon Turanci ya san wahalar nan ta nema wa kalma abokiyar zama. Ka ga kalma cikin littafi, ka buɗe ƙamus, ya ba ka wata ta Hausa, ka rubuta ta a gefen takarda, ka ce ka gane. Alhali kuwa sau da yawa sunan kalmar kaɗai ka sani, ba ka san halinta ba, kamar mai gidan da ya san sunan baƙonsa amma bai san abin da ke tafe da shi ba. To, yau muna so mu ɗauki kalma guda ɗaya tak, mu tambayi asalinta, mu duba inda masu ita su ke sa ta, domin mun lura akwai wani darasi cikinta wanda ya wuce na nahawu, kuma ya shafe mu, mu da za mu tsaya gaban yara gobe. Kalmar ita ce "grumble". Ƙamus ya ce gunaguni, bai kuwa yi ƙarya ba. Amma da sauran magana.

Mu fara da amonta. In ka faɗe ta a hankali sai ka ji ta taso daga maƙogwaro, ta zo ta tarad da leɓɓa a rufe, kamar gurnanin kare wanda bai kai ga haushi ba. Masana harshe sun ce kwaikwayon sauti ce, irin yadda mu ke da gurnani da ƙugi da gunaguni. Ta fara bayyana cikin rubuce-rubucen Ingilishi wajen ƙarshen ƙarni na 16, ana kuwa danganta ta da wata kalma ta Faransanci da wata ta mutanen Holan, masu kama da ita ga amo da ma'ana. Shekisfiya, cikin wasansa na Sarki Liya wanda ya rubuta wajen shekara ta 1606, ya sa ta a bakin wani hadimin sarki da ya ji muryar mutum ƙasa-ƙasa cikin ciyawa a wata bukka, ga dare ga hadari. Har wa yau Ingilishi su kan yi amfani da ita ga tsawa in tana nesa, hadari bai iso ba tukuna. Su kan faɗe ta ga cikin mai jin yunwa in yana ƙugi. Su kan kuma faɗe ta ga wani ciwon ciki wanda ya kan taso wa mutum kaɗan, ya lafa, ya sake dawowa, bai kai ga a kwantad da shi asibiti ba. Mai karatu ya riƙe waɗannan biyu, watau tsawa mai nisa da ciwon da bai tsananta ba, gama za mu komo kansu.

In aka faɗe ta ga mutum, sai mun ga alama uku sun taru. Ta fari, muryar tana ƙasa, ba a ɗaga ta yadda kowa zai ji. Ta biyu, ba a nufi wanda ke da ikon gyara abin da maganar ba, ana yin ta ne ga abokin zama, ko ga bango, ko ga iska. Ta uku, mai yin ta bai bar aikinsa ba, yana tafe yana yi, gobe ma ya sake. Mu ma Hausawa mun rarrabe waɗannan abubuwa, har mun fi su yawan suna. Yaron da aka aika rijiya yana cikin wasa, ya ɗauki tulu yana magana ciki-ciki, ƙunƙuni ya ke yi. Tsohuwar da ta kwana uku tana maimaita zancen ƙwaryar da aka fasa mata, mita ta ke yi. Wanda ya ja tsaki ya juya baya, ya faɗi nasa ba tare da kalma ba. Amma talakan da ya wanke ƙafa ya tafi ƙofar mai gari, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce shanun wane sun cinye masa gona ran kaza, wannan kuka ya kai. Wanda kuwa ya tafi gaban alƙali, ƙara ya yi. Kalmar da mu ke magana a kanta tana zaune ne tsakanin ƙunƙuni da mita, ba ta isa ƙofar mai gari ba.

Tana da 'yan'uwa a Turanci, ya kamata mu san su don kada mu sa wata a gurbin wata. Akwai "complain", wadda ita ce babbarsu, ita ce ta shiga ofis da ɗakin shari'a da gaban likita, da ita a ke kai kuka a rubuce. Akwai "grouse", wadda ta fito daga bakin sojan Ingila wajen shekarun 1880, gunagunin bariki ke nan, na abinci da takalma da yawan fareti. Akwai "whinge", tsohuwar kalma wadda asalinta kukan kare ne, ta daɗe a Sikotilan da arewacin Ingila, mutanen Ostiraliya kuma suka ɗauke ta suna yi wa Ingilishin da suka ƙaura can ba'a da ita, wai kome suka gani sai sun kushe. Wannan ta ƙarshe raini ne zalla, kada ɗalibi ya kuskura ya faɗe ta ga wanda ya girme shi. Ita kuwa tamu ta fi ta mutunci kaɗan, domin ana faɗinta ga dattijo da tsohon soja ba tare da an ci zarafinsu ba. Ga masu son nahawu, in za a ambaci abin da a ke gunaguni a kansa sai a bi ta da "about", in kuwa mutumin da a ke yi wa ne sai a bi ta da "at".

To, ga abin da ƙamus ba ya faɗi, shi ne kuwa ya sa muka ɗauki alƙalami. Da wuya ka ji mutumin da abu ya dame shi da gaske ya kira maganarsa da wannan suna. Shi a wurinsa kuka ne, gaskiya ce, hakkinsa ne. Wanda ke sauraro shi ya kan raɗa mata suna, galibi kuwa wanda ke sama ne. Uban gida ya faɗe ta ga bara, hafsa ga soja, mai kanti ga mai saye, malami ga ɗalibi. Da zarar an kira magana da wannan suna an riga an yanke mata hukunci tun ba a saurare ta ba, an ce mata ke ƙarama ce, mai ke kuma halinsa ne. Tun dā haka ta ke. Wajen shekara ta 1690, zamanin Sarki Wiliyam na Uku, mutanen fada a Ingila sun ƙago wa 'yan majalisar da ke sukar gwamnati wani laƙabi daga wannan kalma, watau jama'ar gunaguni, don a nuna wa mutane ba su da hujja sai baƙin rai. Haka kuma labarin nan da muka sani tun muna makarantar allo, na Banu Isra'ila da suka gaji da abinci iri ɗaya cikin daji suka dami Annabi Musa, fassarorin Attaura na Turancin zamani da wannan kalma su ke ba da shi. Saboda haka kunnen Bature ya saba jin ƙanshin butulci a jikinta.

Abin mamaki, duk da haka Ingilishi ba su ƙi ta ba, har suna wasa da kansu a kanta. Su kan ce gunaguni gādonsu ne, a kan ruwan sama, da jirgin ƙasa in ya makara, da haraji. In ka gai da dattijon Ingila ka tambaye shi lafiya, ya kan amsa da "mustn't grumble", watau bai kamata in yi gunaguni ba. Wannan ita ce "da godiya" tasu. Mu in an ce mana ina gajiya sai mu ce ba gajiya, ko da kuwa ƙafa ta kumbura. Shi kuwa ya bar ƙofa a buɗe kaɗan, ya nuna maka akwai abin faɗi, ya dai haƙura ne. Cikin rundunar sojansu kuma akwai wata tsohuwar al'ada, hafsan da aikin ranar ya faɗo kansa ya kan zaga wurin cin abinci ya tambaya ko akwai mai kuka. Sau da yawa kowa ya kan yi shiru, in ya ba da baya a ci gaba da kushe miya. Cikin wannan ɗan hoto kaɗai an ga laifin gefe biyu: mai tambaya ya tambaya don a ce ya tambaya, masu amsa kuma sun ajiye maganarsu sai inda ba ta da amfani.

Ra'ayinmu shi ne, wannan kalma tana da haɗari ga mai faɗinta fiye da wanda a ke faɗa wa. Don kada a ce zance ne na fatar baki, bari mu kawo labari daga ƙasar masu kalmar.

Cikin shekara ta 1797 Ingila tana yaƙi da Faransa, ba ta kuwa da garkuwa sai jiragen ruwanta na yaƙi. Albashin 'yan jirgi a lokacin shi ne wanda aka yanka tun shekara ta 1653, watau shekara 144 ba a ƙara ko kwabo ba. Ƙwararren ɗan jirgi sule 24 ya ke samu a kwana 28, na ƙasa da shi sule 19, alhali kuɗin abinci da tufafi sun hau, iyalinsu na can tudu cikin wahala. Ban da wannan, laba da a ke auna musu abinci da ita oza 14 ce maimakon 16, sauran biyun na ma'ajin jirgi ne, wai madadin abin da ke lalacewa. Sojan ƙasa an ɗan gyara musu nasu shekara biyu kafin wannan, su kuwa an manta da su. Shekara da shekaru suna maganar nan a ƙarƙashin daɓen jirgi, hafsoshi suna ji suna cewa ai ɗan jirgi da gunaguni aka san shi, ran da ya daina sai a duba ko ya mutu.

Wajen ƙarshen watan Fabrairu da farkon Maris na wannan shekara sai suka yi abin da ya kamata, suka bar ƙunƙuni suka kai kuka. Jirage dabam-dabam na rundunar da ke tsaron mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa suka rubuta takardu goma sha ɗaya cikin ladabi, suka aika wa tsohon shugabansu, Howe, dattijo mai shekara 71, wanda su ke ƙauna, yana can garin Bath yana jiyya. Ba su sa hannu ba don tsoron bulala da igiya. Da aka duba takardun aka ga maganarsu iri ɗaya ce, sai aka ce aikin wani mai baƙin ciki ne guda ɗaya. Howe ya miƙa su ga Hukumar Jiragen Yaƙi a Landan, aka ajiye, ba a ba da amsa ba. A nan ne aka yi kuskuren. Mutane sun riga sun fita daga gunaguni sun shiga kai kuka, amma masu iko suna nan suna kiran abin da tsohon sunansa.

Ran 16 ga watan Afril, jirage suna tsaye a Spithead, kusa da Portsmouth, aka ba da umurni a ɗaga anga a fita teku. Sai mutanen jirgin da a ke kira Queen Charlotte suka hau igiyoyi suka yi sowa sau uku, sauran jirage suka amsa, manyan jiragen yaƙi goma sha shida suka ƙi motsi. Ko wane jirgi ya zaɓi wakili biyu, suka zauna shawara. Abin da ya kamata a lura da shi, ba su yi ɓarna ba. Sun ci gaba da aikin jirgi na yau da kullum, sun hana shan giya har a bugu, sun kuma ce in jiragen Faransa suka fito za su tashi su tare su nan da nan. Abin da suka nema shi ne ƙarin albashi, da cikakkiyar laba, da ɗanyen ganye in suna bakin gaɓa, da kula da marasa lafiya, da izinin sauka su ga iyali, da kada a tsai da albashin wanda aka yi wa rauni wurin yaƙi. Duk mai hankali ya karanta wannan ya san ba maganar 'yan tawaye ba ce, maganar magidanta ce.

Gwamnati ta yarda, Sarki Joji na Uku ya sa hannu ga takardar gafara, amma Majalisa ta yi jinkirin zartad da kuɗin. Mutanen da aka yi banza da takardunsu sau ɗaya ba su sake yarda da alkawarin baki, sai abin ya sake tashi ran 7 ga Mayu, har aka yi harbi cikin jirgin da a ke kira Landan, aka rasa rayuka. Sa'an nan fa aka gaggauta doka, aka ɗauko tsohon nan Howe, aka riƙa tuƙa shi cikin ƙaramin kwalekwale daga jirgi zuwa jirgi, yana zama da mutane yana sauraronsu. Aka ƙara wa ƙwararre sule 5 da sisi, na ƙasa da shi sule 4 da sisi, aka sauke hafsoshi fiye da hamsin waɗanda mutane suka yi kuka da muguntarsu, ran 15 ga Mayu aka yi bikin sulhu, ba a rataye kowa ba. Amma wuta ta riga ta yi tsalle. Jiragen da ke Nore, a bakin kogin Temis, suka tashi nasu, suka wuce gona da iri har suka tare hanyar jiragen ciniki zuwa Landan. Wannan bai ƙare da biki ba. Aka rataye shugabansu, Richard Parker, ran 30 ga Yuni, da waɗansu da dama bayansa. Abin da amsar takarda guda za ta kashe cikin watan Maris, sai da ya ci rayuka cikin Mayu da Yuni, ƙasa kuwa ta yi makonni ƙofarta a buɗe ga abokan gaba. Tsawar da a ke ji nesa ashe hadari ne ke tafe.

Kada a ce wannan na mutanen dā ne. Cikin watan Satumba na 1931, da gwamnatin Ingila ta shiga matsin kuɗi, aka rage albashin 'yan jirgin da suka daɗe a aiki daga sule 4 a yini zuwa sule 3, watau rubu'in abin da su ke samu, alhali abin da aka rage wa manyan hafsoshi bai kai wannan kashi ba. Da yawansu cikin jarida suka fara ganin labarin. Ran 15 ga wata, a Invergordon ta ƙasar Sikotilan, suka ƙi fita da jirage. Kwana biyu kaɗai abin ya yi, aka mai da ragin ushiri, amma labarin ya firgita masu kuɗi a kasuwannin duniya, ran 21 ga wata Ingila ta raba fam ɗinta da ma'aunin zinariya.

Sai a yaƙin Hitila aka gwada hanyoyin biyu gaba ɗaya, aka ga wadda ta fi. Cikin watan Yuli na 1940, bayan Faransa ta faɗi, Ma'aikatar Watsa Labarai ta Ingila ta yi shela mutane su kama bakinsu, aka kuma riƙa gurfanad da waɗansu gaban shari'a, ana cin su tara ko a ɗaure su, don sun faɗi maganar da za ta karya zuciyar jama'a. Mutane suka ji haushi ƙwarai, suka ce an mai da su kamar ƙasar da su ke yaƙa. Wata bai ƙare ba sai da Babban Wazirin Ingila, Mista Cocil, ya tsaya cikin Majalisa ya janye abin, ya ce za a sake duba hukuncin da aka yanke. Amma cikin wannan ma'aikata ɗaya akwai wani ƙaramin sashe, a hannun wata mace mai suna Mary Adams, wanda tun watan Mayu ya ke tattara abin da mutane ke faɗi a kantin jarida da gidan siliman da sauran wuraren taruwa, ya rubuta wa manya kullum, daga baya ko wane mako, har zuwa ƙarshen 1944. Ba su rubuta sunan kowa don a kama shi, abin da ke damun jama'a su ke nema. Hanyar toshe baki ta mutu cikin 'yan makonni, hanyar kasa kunne ta kai kusan ƙarshen yaƙi. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

Mun san wani zai ce, to, in ko wane ƙunƙuni sai shugaba ya tsaya ya saurara, yaushe za a yi aiki? Ai akwai mutanen da ko an ba su tuwo da miyar nama sai sun ce akushin ya yi nauyi. Wannan gaskiya ne, ba mu musu. Akwai wanda gunaguni ya zama masa kamar goro, in bai tauna ba bai wuni ba, irin wannan kuwa ya kan ɓata zuciyar abokan aiki, ya sa mai himma ya ji kunyar himmarsa. An kuma hore mu da haƙuri tun muna ƙanana, mun san shi ne maganin zaman duniya. Amma rarrabewa ba ta da wuya ga wanda ya so. Mai gunagunin hali, yau abinci, gobe rana, jibi maƙwabci, maganarsa ba ta zama wuri ɗaya, in ka ce masa me za a yi sai ya rasa ta cewa. Amma in ka ji mutane da yawa, waɗanda ba su saba ba, suna maimaita abu ɗaya, a wuri ɗaya, kwana da kwanaki, to, ruwa ba ya tsami banza. Haƙuri kuma bai hana majiyyaci ya nuna wa likita inda ke masa ciwo ba. Ciwon nan da muka ambata da fari, mai tasowa ya lafa, shi ne wanda in aka raina shi ya kan kai mutum ga wuƙar likita da tsakar dare.

Ba sai mun je teku ba kafin mu ga wannan. Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa a wata makarantar yara, ɗayanmu ya sami aji mai yara fiye da sittin. Ko yaushe ya juya ya fara rubutu a allo da hantsi, sai ya ji magana ƙasa-ƙasa daga bencin baya. Ya juyo, a yi tsit. Ya sake juyawa, a sake. Ya ce waɗannan 'yan baya masu ƙunƙuni ne, malalata, ya tsai da su a rana, ya rage musu maki. Sai ran kwana na huɗu, bayan an tashi, wata ƙaramar yarinya ta tsaya bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta, ta ce, "Malam, in rana ta shigo ta taga ba mu ganin allo." Ya tafi ya zauna inda su ke zama, ya duba, bai ga kome ba sai ƙyalli. Kwana huɗu yara goma sha biyu suna faɗin gaskiya, ba wanda ya ji, don su sun faɗe ta ga junansu, shi kuma ya riga ya raɗa mata suna. Maganin abin duka bai wuce a jawo allo taki uku ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, amma sai an shiga ɗakin a kan gani.

Saboda haka muna da magana biyu, ɗaya ga na ƙasa, ɗaya ga na sama, mu kuwa duka biyun sun hau kanmu, gama yau ɗalibai mu ke, gobe malamai. Ga na ƙasa muna cewa, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. In abu ya dame ka, ka auna shi tukuna. In ƙarami ne, haɗiye shi, ka hutad da kunnen abokanka. In babba ne, ka san ko mene ne daidai, da ranar da ya faru, da gyaran da ka ke so, ka tafi wurin wanda ke da ikon gyarawa, ka faɗa cikin ladabi, da baki ko a rubuce. 'Yan jirgin Spithead sun sami biyan bukata ne don sun san abin da su ke nema, sun lissafa shi ɗaya-ɗaya, ba su kuma wuce shi ba. Mu kanmu nan, sau nawa mu kan kwana muna kushe abu a ɗakin kwana, in aka tara mu aka ce akwai mai magana sai kowa ya dubi ƙasa?

Ga na sama kuwa muna cewa, ka yi hankali da wannan kalma, da ita da 'yar'uwarta ta Hausa, gama tana da daɗin faɗi, tana sauke wa mutum nauyin bincike. Kafin ka ce wane gunaguni ya ke yi, ka tambayi kanka ko akwai ƙofar da ka buɗe masa ya shigo ya faɗa a sarari, ba tare da tsoro ba. Inda ba ƙofa, dole magana ta bi ta ƙarƙashin zana. In kuwa ya riga ya zo ƙofarka ya faɗa, to, ya fita daga wannan suna, ko ka ba shi abin da ya nema, ko ka gaya masa dalilin hanawa, amma amsa ta zama wajibi.

Wannan shi ne abin da muka samu cikin kalma guda. In wata rana yaro ya ɗaga hannu cikin aji ya ce, "Malam, mene ne ma'anarta?" mu ba shi ta ƙamus, sa'an nan mu ba shi labarin takardun nan goma sha ɗaya da aka ajiye ba amsa. Allah ya ba mu kunnen saurare in mun yi sama, ya ba mu bakin faɗin gaskiya cikin ladabi in muna ƙasa. Amin.